Mai Jimina da Ƙafar Hajjo

Jikana ya sayi mota. Tun ranar da ya kawo ta ƙofar gida na tofa mata albarka, ban sake gane ta ba. Farar bas ce ta ɗaukar fasinja, kuma duk tashar Tanut farare ne irinta, jere kamar ƙwai a faifai. Rannan na ja sandata na je zan ba shi saƙon kuka da daddawa ya kai wa uwarsa Gangara, na yi ta zagaye ina leƙa fuskokin direbobi har na gaji. Sai ga shi ya dafa ni ta baya yana dariya.

"Tsohuwa, ai lamba ake dubawa."

"Lambar gidanku. Yaushe na shiga lakwal na koyi karatun boko?"

"To ki riƙa kirana a salula."

Na ce, "Kai angon banza, ka kai ta a yi mata zane mana. Ko ɗan tsuntsu ne a gefe, mutane su san taka ce."

Ya ce, "In na yi mata zane, ranar da zan sayar da ita, wa zai saya? Mai saye fara yake so."

Kun ji fa. Bai ci moriyarta ba ya fara lissafin rabuwa. Na ba shi saƙon na juyo gida raina a ɓace, kuma ba da shi nake ba, yaro ne, abin da ya tarar ke nan. Maganarsa ce ta tono mini wani mutum da na so in shiga kabari ban sake tuna shi ba.

A ƙuruciyarmu mota ba ta da yawa a ƙasarmu ta Damargu, mai zane kuwa ta fi ƙaranci. Kada wani ya ruɗe ku ya ce da can kowace mota da adonta, ƙarya yake. Yawancinsu a yadda suka zo suke mutuwa, rana ta cinye launin, tsatsa ta ƙarasa sauran. Fenti abu ne mai tsada, daga Kano ko Damagaram ake kawo shi a gwangwani, mai zanen kuma ba a kowane gari ake samunsa ba. Sai mai motar da ya ƙoshi, wanda kuma ya yi niyyar zama da motarsa har ɗaya ya ga bayan ɗaya, shi ke kiran mai zane. Manyanmu sun ce motocin farko da suka shigo ƙasar nan na hukuma ne da na masu sayen fata, launi ɗaya, ba fara'a. Sai da ƴan kasuwarmu suka fara sayen kan mota suna kai shi kudu ana ƙera masa bodin katako, sannan fenti ya biyo katako, don katako in ba a shafe shi ba rana tsaga shi take. Daga shafe aka koma layi ja da layi shuɗi, daga layi aka koma fure, daga fure wani mai ƙarfin hali ya ce a zana masa zaki. A duk faɗin ƙasar nan waɗanda na sani da ido ba su cika yatsun hannu ba. Akwai Mai Zaki, akwai Mai Dabino da ke bin hanyar Ollelewa, akwai wata Mai Tulu da ba ta daɗe ba ta faɗi. Sai tamu, Mai Jimina.

Wanda ya zana ta Malam Ayuba ne, wani dogon Kirista daga wajen Maraɗi, wanda ya kafa rumfa a bayan tasha. Ina budurwa ina tallar ƙosai, kullum sai na bi ta wurinsa, ko ya saya ko bai saya ba, don in tsaya kallo. Har yau in na ji warin kananzir sai rumfar nan ta faɗo mini a rai. Da gashin wutsiyar akuya yake ɗaure buroshinsa, a gwangwanin madara yake haɗa launi, yana yi yana rera waƙoƙin ibadarsu ƙasa-ƙasa. Ranar Lahadi ko raƙumi za ka ba shi ba ya taɓa aiki. Kuma yana da wata al'ada da masu mota ke ƙorafi a kanta: ba ya zana wa mota komai sai ya bi ta tafiya ɗaya tukuna, ya zauna can saman kaya cikin awaki da buhuna, ya ji yadda take nishi a rairayi, ya ga yadda mai ita yake da mutane. In ya dawo shi zai faɗi abin da zai zana. In ka ce zaki kake so ya ga motarka ba zaki ba ce, sai ya ce ka je Damagaram, akwai masu yi.

Motar Alhaji Gambo ya bi ya dawo ya ce jimina ce, don inda wasu ke kafewa ita wucewa take da dogon taku. Ya shafe bodin da ja da ruwan ɗorawa, ya zana baƙar jimina mai farin fiffike a kowane gefe, ta miƙa wuya, ta ɗaga ƙafa ɗaya. A ƙofar baya ya yi ƙwai biyu cikin rairayi. Idon ya bari sai ƙarshe, ya sa aka kira Alhaji ya tsaya a kansa sannan ya ɗiga. Wani malami ya zo yana cewa ba a zana mai rai, Alhaji ya ba shi goro ya ce, "Allah gafarta Malam, a yi mana addu'a dai kada ta tashi sama da fasinja." Odarta ma daban ce, in direba ya matsa sai ta yi wani kuka mai hawa da sauka kamar algaita. Mata suna daka su ji ta daga nesa su ajiye taɓarya, yara su zuba a guje, katakon bodin yana ƙara, sarƙar ƙofar baya tana kaɗawa.

Amma mu mutanen gari ado muke gani. Ga mutanen daji abin ya wuce ado. Makiyayan arewa, Fulani da Buzaye, ba sa karanta lamba, ba sa karanta suna, kuma suna da dalilinsu na tsoron mota. Mota mai launi ɗaya in ta shigo daji ba ta zuwa da alheri a wurinsu: ko jangali, ko tarar wanda ya sassare reshen gawo ya ba dabbobinsa, ko a ƙirga yara a ɗauki wasu a kai lakwal ba da son iyaye ba. Ba na cewa hukuma ba ta da gaskiyarta, amma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Saboda haka in suka ji ƙugin mota sai mutum ɗaya ya hau tudu ya duba. In ya hango ja da ruwan ɗorawa sai ya ɗaga sanda, kowa ya gangaro da man shanu da cuku. In ya hango launi ɗaya sai ya kwanta, kafin ka ce me an kwashe yara an shige kwari. Mai son Jimina ta tsaya masa kuma, tsumma yake ɗaurewa a reshen itace a bakin hanya, direba ya gani ya taka birki. Ba wanda ya kafa wannan doka, kuma ba wanda bai san ta ba.

Yanzu fa? Yanzu ma mutanen daji suna hawa tudu, tsoron ma ya fi na da, amma me za su gani? Ta likita fara, ta ɗan kasuwa fara, ta wanda ba ka fatan haɗuwa da shi fara. Wanda ya so ado sai ya sayi ƴar takarda mai hoton ɗan kokawa ya manna a gilashi, irinta na jikin kowace mota, kafin damina ta zagayo ta ɓare ta bar ƙazanta. Direba ba ya sanin sunan fasinja, fasinja ba ya sanin sunan mota, don ba ta da shi. In ka ba da saƙo ya ɓace ka ce a farar mota ka bayar, sai a yi maka dariya. Wai ci gaba ke nan. Ci gaban mai haƙar rijiya.

Bayan an yi mini aure na shiga fataucin ƙananan kaya, gishiri da kanwa da daddawa, ina bin Mai Jimina. Takan tashi daga Tanut ta ratsa daji ta arewa, ta tsaya a wata rijiya mai babbar aduwa, ta wuce kasuwar Belbeji, ta komo ta Gangara. Sau ɗaya take bi ta gindin aduwar nan daga kasuwa zuwa kasuwa. A nan na haɗu da Hajjo, wata Bafulatana sa'ata, siririya, mai saurin dariya. Tun muna ciniki har muka ƙulla ƙawance, ta ba ni ƙwarya cike da man shanu, na ba ta zane. Hajjo tafiya ce rayuwarta. Da damina su yi arewa da shanu, da rani su gangaro, ita ke ɗaure kayan gida a bayan takarkari, ita ke bin maruƙa, ga goyo ga ƙwarya a ka. Takan kalli ƙafata ta ce, "Ƙawa, ku matan gari ƙafar taku ta lalle ce kawai." Ni kuma in ce ita ba ta san daɗin inuwa ba. Ina son matar nan, ba ni da ƴar'uwa mace, ita ce ta zama.

Sai Alhaji Gambo ya rasu, mota ta faɗa hannun ɗansa Lawali. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tare muka tashi da Lawali a unguwa ɗaya, na san shi da majina a hanci, amma ya je birni ya ɗan zauna ya dawo da baƙin gilashi da agogo, ya ce kada a ƙara kiransa da suna, Patoro za a ce, wai maigida ke nan da Faransanci. Ilu direba, wanda ya yi wa ubansa tuƙi tun kafin a yaye Lawali, shi ma Patoro yake ce masa. Duk tafiya sai ya shiga gaba ya zauna, hannu ɗaya a taga, yana yi wa fasinja tsawa da Faransanci. Kuma tun ranar farko zanen nan yake kallo a yatsine.

Ana cikin bazara, zafi kamar a gasa mutum, muka tsaya a gindin aduwa na ga Hajjo ta taho tana ɗingishi, ta naɗe ƙafar dama da tsumma. Wani kututturen ƙaya ta taka a bakin rijiya ya shige ta tafin ƙafa. Ta ce ba komai, ta sa man shanu da kanwa. Na zaunar da ita da ƙarfi na kwance tsumman, na ga ƙafa ta kumbura tana sheƙi, zafi kamar an ɗauko ta daga murhu, ta fara wari.

Na ce, "Tashi ki hau, yanzu za mu kai ki likita a Belbeji."

Ta ce, "Shi ba ya nan, ya tafi neman ciyawa. In na tafi wa zai tsaya a kan maruƙa da yara?" Mijinta Buba take nufi, don ba ta faɗin sunansa.

Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ƙi. Ta ce, "Kasuwa mai zuwa, ƙawa. Kafin nan ya dawo, zai kawo ni nan. Mu jira Jimina."

Na ce, "To ku jira Jimina. Ko ba ki iya tsayuwa a ɗauko ki."

A tsakanin kasuwar nan da mai zuwa Lawali ya ɗauki mota ya yi Damagaram. Ba wanda ya gaya wa abin da za shi yi. Da safiyar tafiya na zo tasha da kayana na yi ta neman Jimina, na wuce wata kore-kore mai ruwan toka ban ko dube ta ba, sai na ji muryar Ilu daga cikinta, "Ƙanwata, ga mu nan." Na juyo na ga fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. An bi motar nan da injin fesa tun daga goshi har ƙofar baya. Ba ja, ba ruwan ɗorawa, ba jimina, ba ƙwai. Malam Ayuba yana tsaye a gefe yana shafa katakon da tafin hannu, daidai inda wuyan jiminar ya ɗan tasa a ƙarƙashin sabon fentin. Daga nan ya koma rumfarsa.

Lawali ya leƙo ta taga ya ce, "Yanzu ta zama mota. Da can akwatin amarya ce. Jandarma ma in suka hango ta sai sun gyara tsayuwa." Abin da yake so ke nan, a hango shi a zaci wani babba ne. Har odar ya sa aka canza, wai ta da ta masu tallar magani ce.

Muna shiga daji na tuna su Hajjo ja da ruwan ɗorawa suke jira. Na sunkuyo daga saman kaya na buga rufin na ce da Ilu ya fara matsa oda tun daga nesa. Ya matsa, sai wani haushi ya fito, gajere, mai tsawa, irin na motocin da ake gudu. Ya ɗauke hannu da sauri. Da muka iso gindin aduwa ba kowa. Amma ga sabon tsumma a ɗaure a reshe. Ga ƴar tabarma a shimfiɗe, ga gora ta kife, ruwanta bai ko gama shanyewa a rairayi ba. Ga sawun takarkari da sawun yara sun haura tudu, taku mai faɗi, na masu gudu. Na diro na hau tudun ina kiran Hajjo har maƙogwarona ya bushe, iska tana maido mini da muryata. Sun riga sun shige.

Ilu ya fito ya duba sawun ya ce, "Patoro, ba su yi nisa ba. Da mara lafiya suke. A ba mu ɗan lokaci mu bi su a ƙasa, in suka ga fuskata za su fito."

Lawali ya dubi agogo ya ce, "Motata ba ta likita ba ce. Wanda ya ga mota ya gudu, shi ya san abin da ya sata."

Na zo bakin tagar na ce, "Lawali, launin da ka shafa suka guje wa. A wurin nan ubanka ya taɓa sauke buhunan geronsa ya bar su a daji don ya ɗauki wata tsohuwa. Ka ji tsoron Allah, ƙafar mutum ce."

Ya ce, "Patoro za ki ce."

Abin da na ce masa a wurin ba zan maimaita ba, na tsufa. Na dai haɗa har da gilashin. Fasinja kuwa, maza da gemu, kowa ya sunkuyar da kai, wani ma yana gunaguni wai kasuwa za ta watse. Su ma ban manta da su ba. Lawali ya ce ko in hau ko in zauna, duk ɗaya ne a wurinsa. Ilu yana da iyali, ban ga laifinsa ba. Ya kwance salkar ruwansa ya rataya mini, ya ce zai kula da kayana, idonsa ya yi ja. Lawali ya buga ƙofa ya ce, "Alon, mu tafi." Suka tafi suka bar ni a tsaye.

Na bi sawu. Ni da Hajjo ke yi wa dariyar ƙafar lalle, ranar na yi tafiyar da ban taɓa yi ba, rairayi yana ƙona ni ta cikin takalmi, ƙarangiya ta cika mini zane. Sai bayan la'asar na same su a wani kwari cikin itatuwan anza. Buba ya tare gaba da sanda, ya ɓoye yaran a bayan kaya. Ashe a kwanakin ya sassare gawo ya ba shanu, don ciyawa ta ƙare, ya ɗauka shi aka zo kamawa. Da ya gane ni sai ya sauke sandar.

Ya ce, "Mun zo tun da hantsi, mun ɗaure tsumma. Sai motar hukuma ta ɓullo."

Na ce, "Jimina ce."

Ya ce, "A'a. Ni na hau tudu, da idona na gani. Ba Jimina."

Na ce, "Ita ce, Buba. Shafe ta aka yi."

A saninsa ana sauya wa raƙumi sirdi, amma ba a sauya masa fata. Da maganar ta shige shi sai ya tsuguna ya dafe kai. Hajjo tana kwance a ƙasa, gudun da takarkarin ya yi da ita ya fama ciwon, jini da ruwa sun jiƙa tsumman, amma ko nishi ba ta yi, fulako ya hana. Ta buɗe ido ta ce, "Ƙawa, a motarsu kika zo?" Na kwance ƙafar na duba. Ta yi baƙi, amma baƙin bai wuce idon sawu ba. Wannan da idona na gani, kuma a kansa zan tsaya har gaban Allah.

Tafiyar da mota za ta yi kafin rana ta karkata, mu muka yi ta a bayan takarkari, muna tafe muna tsayawa, don in rana ta take ba ta iya zama, sai mun sauke ta mun yi mata inuwa da zane. Zazzaɓi ya rufe ta har tana kiran shanunta da sunayensu. Da muka isa Belbeji kasuwa ta daɗe da watsewa, Lawali ya koma ta Gangara. Majo, babban ma'aikacin likita, ya buɗe ƙafar ya rufe, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai Damagaram. Muka sake zaman jiran wata motar. Ranar da aka kwantar da ita a Damagaram baƙin ya kai gwiwa. Suka kira Buba gefe suka ce ko ƙafa ko rai. A saman gwiwa suka yanke.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba mai yawan magana ba ne. Da na dawo da Hajjo Tanut na tsaya a zaure ina shirya abin da zan ce masa, sai ya ce, "A share mata ɗakin kudu." Shi ke nan. Buba ya koma wurin shanu da yara, ya ce zai zo in ta warke.

Na je karɓar kayana na tarar da Lawali a tasha yana shan shayi. Labari ya riga ya iso shi. Ya ce, "Allah ya sawwaƙe. Ƙaddara ce." Na ce, "Na yarda da ƙaddara, amma ban taɓa ganin ta sa baƙin gilashi ba." Daga ranar ban sake hawa motarsa ba, ban sake gaishe shi ba. Kuma kada ku zaci Allah ya kama shi a idona. Mutanen daji sun daina fito masa, gaskiya ne, amma bai damu ba, ya koma ɗaukar kayan manya, ya yi arziki, ya ƙara motoci, duk launi ɗaya. Sauran masu mota suka ga haka suka bi sahu. Bodin ƙarfe ya shigo, aiki ya yanke wa Malam Ayuba, ya kwashe gwangwanayensa ya koma ƙasarsu. Lawali ya tsufa da girmansa, ana ce masa Alhaji. Da ya mutu duk unguwa aka je gaisuwa, ni ina tsakar gida ina tsince wake. Malamai sun ce mini riƙo ba kyau, in yafe. Na ji. Da tawa ƙafar ce da na duba maganar.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, lokacin da makiyaya ke yin arewa, Buba ya zo. Dungun ƙafar ya warke, Hajjo ta koyi tafiya da sanda daga ɗaki zuwa bakin zaure. Tun da ta ji ana cewa shanu sun fara wucewa ta bayan gari ta sa na yi mata kitso, ta wanke zanenta, ta ɗaure ƴan kayanta a ƙulli. Ta ce za ta iya zama a bayan takarkari, ta ce ai tatsa a tsugune ake yi, ƙafa ɗaya ta isa.

Ya iso da hantsi yana jaye da takarkarin. Suka gaisa ba tare da sun dubi juna ba, yadda suke yi. Ya tsaya ya daɗe yana kallon sandar da ke jingine a bango. Sannan ya juya ya fara kwance kaya daga bayan takarkarin. Ƙoren Hajjo ne, manya da ƙanana, waɗanda uwarta ta ba ta ranar aure, waɗanda Bafulatana ba ta rabuwa da su sai mutuwa. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya a bakin zaurena, ya ɗora faifayensu a kai. Ya ce da ni, don ba zai iya ce mata ba, "Hanyar bana da nisa. Rijiyoyin sun yi wuya. Ki riƙe mini mutuniyarki." Ya ce yaran suna wurin uwarsa, za a riƙa kawo su da rani.

Hajjo ta dubi ƙoren, ta dubi ƙullin da ke cinyarta. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta ce, "Ƙawa, shigar da su ɗaka kada rana ta fasa su." Sannan ta ce in kama ta mu je bayan gari. Na riƙe ta a kafaɗa, tana dogara sanda, muka fita har inda gidaje suka ƙare. Garken yana wucewa. Ta ɗaga murya ta kira wata jar saniya da sunanta, saniyar ta tsaya ta juyo da kai tana nema, har ta yi taku biyu wajenmu. Buba ya sa sanda ya maida ita cikin garke. Muka tsaya har ƙahon ƙarshe ya shige bayan tudu, sannan ta ce ƙafarta ta gaji, mu koma.

A ɗakin kudu ta tsufa, a nan ta rasu. Duk damina sai ta tambaye ni ko an yi ruwa a arewa, ni kuma in ce an yi, ko ba a yi ba.